Harshen Doka a Jami'a: Abin da Ɗalibin Kan Iyaka Yake Sa wa Hannu

Garin Bana yana cikin gundumar Gaya, a kudancin jihar Dosso, yankin da aka daɗe da saninsa da gishirin Foga. Wanda ya tashi a nan ya san iyakar ƙasa da ƙafarsa. Daga Gaya, gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba mutum da Malanville ta Jamhuriyar Benin, ta gabas kuma ga Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya. A kasuwannin yankin ana ciniki da Dandanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. Bana kanta tana cikin tsofaffin garuruwan Kyangawa, mutanen da harshensu na asali ɗan gidan Mande ne, ko da yake mafi yawansu sun koma magana da Hausa ko Dandanci.

Matashin wannan yanki da ya ci jarrabawar bakaloreya yana da hanyoyi da dama a gabansa. Yana iya nufar Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, ko ya zarce Yamai zuwa Jami'ar Abdou Moumouni. Yana iya tsallakawa Parakou, inda Benin ta buɗe jami'a a 2001. In ya ga dama ya bi ta Kamba zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk inda ya sauka, a makonnin farko za a gabatar masa da dokokin ɗalibai, a jami'o'in Nijeriya har a tara sababbin shiga a yi bikin rantsar da su, kowa ya sa hannu. Dokokin nan da Faransanci aka rubuta su ko da Ingilishi. Ba da ko ɗaya daga cikin biyun aka yi masa faɗa a gida ba, kuma ba da su ya fara sanin bambancin abin da ya kamata da abin da bai kamata ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan neman magana ce, domin wanda ya kai jami'a ai ya yi shekara goma sha biyu ko goma sha uku yana karatu da harshen boko. Gaskiya ne, amma da sauran rina a kaba. Harshen aji daban, harshen doka daban. Har wanda aka haifa cikin Faransanci yakan yi tuntuɓe da salon rubutun shari'a. Sannan ɗalibin da ya yi firamare da sakandare da Faransanci ya tsallaka Kebbi yana karanta doka ne da harshensa na uku ko na huɗu. Abu na uku shi ya fi nauyi: ana rubuta dokar da harshen Turawa, amma yawanci da Hausa ake zartar da ita. Mai gadin ƙofa da Hausa yake mayar da ɗaliba ta sake tufafi. Uban da aka kira ya zo daga Bana domin an kama ɗansa da laifi, da Hausa ko Dandanci ake yi masa bayani, da shi kuma yake ba da haƙuri. Ke nan kullum ana fassara dokar, sai dai fassara ce ta baka, wadda kowa yake yi daidai fahimtarsa, babu mai duba ta.

Rantsuwa da gargaɗi

J. L. Austin, a laccocinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai maganganun da furta su shi ne aikata su. Wanda ya ce ya yi alkawari, a daidai lokacin ya ɗaura wa kansa alkawarin. Rantsuwar shiga jami'a irin wannan ce, haka nan hukuncin kora: kafin a furta shi mutum ɗalibi ne, bayan an furta ya tashi daga ɗalibi. Austin ya gindaya sharuɗɗan da sai sun cika irin wannan magana take cin sunanta. Dole a sami tsari sananne, wanda ya dace ya yi maganar, a yi ta daidai kuma a kammala ta, mai yin ta kuma ya nufi abin da ya faɗa. Ya ƙara da wani sharaɗi da ya shafi batun nan kai tsaye, wato sai mai sauraro ya ji kuma ya gane. Wanda ya yi wa kurma gargaɗi daga bayansa ya yi magana, amma bai yi gargaɗi ba.

Kundin dokokin ɗalibai gargaɗi ne babba. Hujjar hukunta wanda ya karya doka ita ce an riga an sanar da shi. Idan jimlar da aka sanar da shi da ita tana ɗaukar ma'ana biyu a kunnensa, to hujjar ta raunana, ko da sa hannunsa yana nan a takarda.

Dole, iya da kada

Fannin ilimin ma'ana da ke nazarin wajabci da izini da hani ya sami gindin zama tun maƙalar G. H. von Wright ta 1951, kuma F. R. Palmer ya faɗaɗa shi zuwa kwatanta harsuna a littafinsa na 1986. Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Tana da dole da tilas da wajibi da lalle, tana da ya kamata da ya dace, tana da an yarda da ya halatta, tana da kada da kul da an hana da haramun. Bayan waɗannan kuma akwai ma'aunin fiƙihu mai hawa biyar da duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya sani: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haramun. Bahaushe ya saba da tunanin cewa tsakanin umarni da hani akwai matakai. Matsalar tana tasowa ne wajen daidaita matakan da na wani harshe.

A ɗauki korewa. Faransanci yana cewa l'étudiant doit, ɗalibi dole ne ya yi. Idan aka kore jimlar ta zama ne doit pas, ma'anarta a harshen doka hani ne: kada ya yi. Mai fassara kalma da kalma zai kore dole ya ce ba dole ba ne, wanda a Hausa sauƙaƙawa ce, wato in ya so ya yi, in ya so ya bari. Hani ya koma zaɓi ke nan. Dalilin shi ne inda korewar take sauka. A Faransanci, ko da yake alamar korewa tana manne da aikatau na wajabci, aikin da ke biye take korewa. A Hausa, ba … ba da ta kewaye dole, wajabcin kansa take korewa. Mai son hani sai ya shigar da korewar ciki, ya ce dole ne kada ya yi, ko ya taƙaita ya ce kada ya yi. Ingilishi ya raba biyun da kalmomi daban, must not da need not, amma ya haƙa nasa ramin a may not, wanda yakan nufi hani a wani wuri, ya nufi mai yiwuwa ba haka ba a wani wurin.

Kalmar iya ma tana da nata rikicin. Ana iya korarsa tana ɗaukar aƙalla ma'ana uku: hukuma tana da ikon kora, ko doka ta ba ta zaɓi tsakanin kora da wani hukunci, ko kuma korar abu ce mai yiwuwa kawai. Ingilishi da may, Faransanci da peut, duk suna da irin wannan ruɓanya, saboda haka a nan fassara ba ta ƙara duhu, gado take yi. Ga ɗalibin da ke tsaye gaban kwamiti kuwa bambancin babba ne. Idan doka ta ce za a kore shi, roƙo ba shi da muhalli. Idan ta ce hukuma na da zaɓi, to akwai ƙofar da zai nemi sassauci, kuma yana da haƙƙin ya san ƙofar tana nan.

Akwai wata al'ada ta rubutun dokar Faransanci da ta cancanci a tsaya a kanta. Sau da yawa ba a sa kalmar wajabci ko kaɗan; ana rubuta jimlar ne a lokaci mai ci, kamar ana ba da labari, amma nufinta umarni. Misali, a rubuta cewa ɗalibi yana nuna katinsa a ƙofa, alhali abin nufi dole ne ya nuna. Idan aka kawo wannan Hausa yadda yake, ɗalibi yana nuna katinsa bayani ne kawai na abin da ke faruwa. Abin sha'awa shi ne Hausa ma tana da irin wannan dabara, sai dai da sharaɗi: sai an cire mai aikin. Ba a shiga da waya, ba a shan taba a nan, ana cire takalmi, duk siffarsu ta ba da labari ce, amma babu Bahaushen da zai ji su bai gane doka ba ce. Da zarar an mayar da mai aikin, aka ce ɗalibai ba sa shiga da waya, ƙarfin ya zube, jimlar ta koma labari, wataƙila ma labarin ƙarya. Mai fassara da ya lura da wannan zai sami hanya ta cikin gida wadda ta fi dogon kewaye da wajibi ne a kan kowane ɗalibi.

A gefe guda, Hausar da ake ji a Gaya da Kamba da Sakkwato ta yamma ce. A nan dole na shi zo ake cewa, a inda daidaitacciyar Hausa take da dole ne ya zo. Wannan ba ya hana fahimta, amma yana tuna wa mai rubutu cewa rubutacciyar Hausar ma baƙuwa ce kaɗan a kunnen wasu. Haka kalmomin aro suka rabu a kan iyaka, na Nijar daga Faransanci, na Nijeriya daga Ingilishi, har harafi ɗaya ya rabu biyu, ƴ a can, 'y a nan.

Wa ya yi korar?

Wannan jeri na an, a, ana, za a, akan, wanda wasu masu nahawu suke kira mutum na huɗu, yana da amfani wajen kafa doka, amma yana da haɗari wajen bayyana hukunci. An kore shi jimla ce cikakkiya wadda ba ta faɗi wanda ya yi korar ba. A zancen yau da kullum wannan ladabi ne, ko kauce wa ambaton babba. A takardar doka kuwa giɓi ne, domin sharaɗin Austin na cewa wanda ya dace ne zai yi maganar shi ne ainihin abin da kotu take dubawa. A dokokin da suka kafa jami'o'in tarayyar Nijeriya, ikon ladabtar da ɗalibi yana hannun shugaban jami'a, wanda aka hukunta kuma yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwa. Fassarar da ta tsaya a za a kore shi ta haɗiye waɗannan bayanai biyu.

Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta nuna nauyin wannan tambaya. A watan Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a jami'ar, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Hukuma ta kafa kwamitin bincike, daga baya ta kori wasu ɗalibai. Suka kai ƙara, magana ta tafi har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1986 cewa korar ba ta inganta ba. Daga cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'a, wanda ya shugabanci kwamitin, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Kotun ta kuma ce abubuwan da aka zargi ɗaliban da su manyan laifuffuka ne a dokar ƙasa, waɗanda kotu ce take da hurumin tabbatar da su. Ba a ce ɗaliban ba su yi komai ba. An ce bakin da ya furta hukuncin da hanyar da aka bi ba su cika sharaɗi ba.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya tanadi cewa wanda ake tuhuma da laifi a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Wannan tanadi na shari'ar manyan laifuffuka ne, kwamitin ladabtarwa na jami'a kuwa ba kotu ba ne. Duk da haka hikimar da ke cikinsa ba ta tsaya a ƙofar kotu ba. Hukuncin da zai raba mutum da karatun shekara huɗu bai gaza wata ƙaramar tara nauyi ba.

Kalmomi masu faɗin baki

Kalmomin da Hausa take amfani da su a wannan fage da yawansu aro ne daga Larabci, kuma sun zo da kayansu. Ƙa'ida da sharaɗi da hukunci duk daga can suke. Ladabi daga al-adab ne, har harafin l na farkonsa ragowar al ce da ta manne, kamar yadda ta manne a laifi, daga al-aib. Ɗa'a kuwa asalinta kalmar Larabci ce mai nufin biyayya, amma a Hausa ta faɗaɗa ta koma kyawun hali da natsuwa. Saboda haka idan aka fassara misconduct da rashin ɗa'a, an ɗauko kalmar da ta haɗa rashin gaisuwa da ɗaga murya gaban babba da zama a inda bai dace ba, aka ɗora ta a kan abin da hukuncinsa kora ne. Kalmar Ingilishin ma faɗi gare ta, amma faɗinta bai yi daidai da na ta Hausar ba.

H. L. A. Hart, masanin falsafar shari'a, ya yi bayanin cewa kowace kalmar doka tana da tsakiya inda babu gardama, tana kuma da gefe inda ake jayayya. Misalinsa shi ne dokar da ta hana shiga lambun shaƙatawa da abin hawa: mota ta shiga cikin hanin babu shakka, to keke fa? A Hausa tambayar ta fi haka tsawo, tunda jaki ma abin hawa ne. Dokokin sutura a manyan makarantu kusan gaba ɗayansu a gefen nan suke zaune. Indecent dressing ko tenue correcte ba su da ma'auni a cikin kansu. Al'umma ce take ba su ma'auni. Idan suka zo Hausa suka zama shigar banza da shigar mutunci, sai su ƙara nauyi, domin banza da mutunci hukunci ne a kan mutumin kansa, sun wuce tufafin. Ɗalibar da mai gadi ya ce wa ta yi shigar banza ta ji abin da ya fi abin da kundin ya rubuta zafi. Makarantun da suka lissafa nau'in tufafin da suka hana ɗaya bayan ɗaya, ko suka liƙa hotuna a ƙofa, sun fahimci wannan matsala, ko da ba su kira ta da sunan ilimin ma'ana ba.

Jinsi ma yana shigowa. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi tsakanin ɗalibi da ɗaliba, wanda da wadda, ka da ki. Duk ɗalibin da aka kama ana ɗaukarta ta haɗa kowa bisa al'ada, amma idan a shafi na gaba aka rubuta duk ɗalibar da, mai karatu yana da hujjar tambaya ko ta farkon maza kaɗai ta nufa. Jam'i yana warware wannan cikin sauƙi, tunda ɗalibai da su ba su da jinsi.

Kada a ɗauka jayayya a gefen kalma wasan malamai ce. A watan Afrilun 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar ɗalibai ta 1978. Jerin gwanon ya shiga Amina Hall, masaukin ɗalibai mata, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ta ɗauki matakin kora da dakatarwa a kan wasu shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ɗalibai suka yi bore, aka kira 'yan sanda. Ranar 23 ga Mayu aka yi harbi, hukuma ta amsa mutuwar mutum huɗu, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida kuma ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Rikicin yana da saiwoyi na siyasa da suka fi dokar masauki zurfi, kuma ba adalci ba ne a ce nahawu ya jawo shi. Amma tambayar da ta kunna wutar irin ta Hart ce: dokar da ta hana namiji shiga masaukin mata, shin ta haɗa da taron jama'a da ya ratsa da rana tsaka, kuma hukuncinsu ɗaya ne?

A Yamai ma an ga makamancin haka a farkon 2018, lokacin da wani abu ya faru tsakanin wani malamin Jami'ar Abdou Moumouni da 'yan CASO, sashen ƙungiyar ɗalibai mai kula da walwala da tsari a harabar jami'a. Ƙungiyar malamai ta SNECS ta kira abin cin zarafi ta shiga yajin aiki, ɓangaren ɗalibai ya ce 'yar hatsaniya ce. Daga bisani aka kori ɗalibai biyar daga cikin shugabanni, aka yi makonni karatu na tangal-tangal. Sunan da aka ba abin shi ne ya ƙayyade babin dokar da zai faɗa ciki. A ƙasar da har yanzu ake tunawa da ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, duk wata takaddama tsakanin ɗalibai da hukuma tana ɗauke da tarihi a bayanta.

Kora iri-iri ce

Sunayen hukunci su ne inda Hausar yau da kullum ta fi cunkushe abubuwa wuri ɗaya. Jami'o'in Nijeriya suna bambanta suspension da rustication da expulsion da withdrawal. Ta biyun ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙauye, domin a tsofaffin jami'o'in Ingila ana tura mai laifi ne ya koma karkara na wani lokaci; korar wucin gadi ce mai wa'adi, zango ɗaya ko biyu, sannan a dawo. Ta ukun raba gari ce. Ta huɗun yawanci ba ta da alaƙa da laifi, sakamakon jarrabawa ne ya gaza. A bakin jama'a duk an kore shi ne. Labari ya isa Bana cewa an kori wane, alhali dakatarwa ce ta zango ɗaya, ko kuwa maki ne bai kai ba, amma sunan da ya ɓaci ya riga ya ɓaci. Hausa tana da kayan aikin rarrabewa: gargaɗi, jan kunne a rubuce, dakatarwa har a gama bincike, dakatarwa mai wa'adi, kora ta dindindin, sallama saboda gazawar karatu. Abin da ya rage shi ne a tsayar da su, kowace a san abin da take nufi.

Tsarin Faransanci yana da nasa tsani: avertissement, blâme, sannan exclusion ta ɗan lokaci ko ta har abada. Kalmar blâme tarko ce ga wanda ya zo daga ɓangaren Ingilishi, domin ta yi kama da blame, sai ya ɗauka zargi ne kawai. A can kuwa hukunci ce da aka riga aka yanke, tsawatarwa ce ta hukuma da take shiga fayil ɗin ɗalibi.

Haka batun jarrabawa yake. Satar amsa ita ce kalmar da ta fi yawo, kuma ɗalibai sukan ce expo, sunan da ya bazu tun fallasar takardun jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya a 1977. Amma dokar maguɗin jarrabawa ta Nijeriya ta 1999, wadda ta biyo bayan dokar soja ta 1984 mai ɗaurin shekara 21, ta lissafa abubuwan da suka wuce satar amsa nesa: satar takardar tambayoyi, zama a madadin wani, tayar da hankali a ɗakin jarrabawa, hana mai sa ido aikinsa, jabun sakamako, da haɗa baki. Ɗalibin da ya ba abokinsa amsa zai rantse bai saci komai ba, kuma a ma'anar kalmar sata gaskiya ya faɗa. Maguɗi ta fi dacewa domin ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa.

Bayan kundin 2025

A watan Maris na 2025 Nijar ta ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kafin nan dokar 2001 ta amince da harsuna goma a matsayin na ƙasa. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, ya buɗe ƙofar da za a fara tambayar wace takardar hukuma ce ya kamata a fara samarwa da Hausa. Kundin dokokin ɗalibai yana cikin waɗanda suka fi sauƙi, domin gajere ne, masu karanta shi sanannu ne, sassan nazarin harsuna kuma suna cikin harabar da ake amfani da shi. Ba daga sifili za a fara ba. Akwai ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, akwai kuma jerin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu da aka buga a Nijeriya a 1991.

Sai dai aikin yana da wuyarsa. Idan kundi ya zama biyu, dole a faɗi wanda za a bi idan sun saɓa. Kanada ta zaɓi ta ba Ingilishi da Faransanci ƙarfi ɗaya a dokokin tarayyarta, wanda ya tilasta a riƙa rubuta su tare tun farko. Jami'ar da ba ta shirya wa haka ba tana iya cewa na Faransanci ko na Ingilishi ne abin dogaro, na Hausa bayani ne, amma sai ta rubuta hakan a shafin farko. Akwai kuma gwajin da bai kamata a tsallake ba: a ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Hausar zuwa harshen da aka ɗauko ta, a kwatanta. A nan ne ba dole ba ne da ta maye gurbin kada za ta tona kanta.

Yankin Gaya kuma yana tunatar da abin da mai kishin Hausa yakan manta. Ba kowane ɗan Dosso ne Hausa take harshensa na farko ba. Ga Badandi ko Bazabarme ko Bafulatani, kundin Hausa yana iya zama sauƙi, yana kuma iya zama wani sabon harshen hukuma da aka ɗora masa. Dandanci da Zabarmanci 'yan gida ɗaya ne, na Songhai, kuma suna da nasu hanyoyin bayyana wajabci da hani waɗanda ba su bi tsarin Hausa ba. Nazarin da zai jera jimloli ashirin ko talatin daga kundin wata jami'a, ya nemi ɗalibai daga Bana da Gaya da Kamba su faɗe su da harshen gida, sannan ya duba inda hani ya koma zaɓi da inda dakatarwa ta koma kora, bai fi ƙarfin kundin digiri na biyu ba, kuma ba ya buƙatar kayan aiki da suka wuce na'urar ɗaukar magana da izinin waɗanda za a yi hira da su.